Jinyar Baba Kafinta

"Tsaya nan, Direba. Kada ka shigo."

Na tsaya da fulas ɗin shayi a hannu, ƙafata ɗaya a kan dokin ƙofar shagonsa. Baba Kafinta yana can ciki, ya jawo teburin aikinsa ya gitta shi tsakaninmu, ya ɗaure hanci da baki da wani tsohon ƙyalle. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Tari ya sarƙe shi, irin mai tasowa daga ƙasan ƙirji, ya dafa teburin har ya lafa, sannan ya nuna mini ƙasa da yatsa. Na ajiye fulas ɗin na ja da baya.

Na ce masa ai mura ce, kowa yana yin ta. Ya ce shi ma haka ya so ya gaya wa kansa, amma tun jiya ba ya jin ƙanshin katako. Mutumin da ya tsufa yana shaƙar dusar katako, ranar da hancinsa ya daina jin ta, to maganar ta wuce mura.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Tun ina sabon aure na kama haya a layin, shi ya yi mana gado da kujeru, shi ya yi wa 'ya'yana huɗuba a kunne, kuma duk lokacin da muka saɓa da maiɗakina, a bencin ƙofar shagonsa ake sasanta mu. Shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacin da ke ƙarshen layi. Da annoba ta shigo aka rufe masallatai, bai fasa ba. Yakan je shi kaɗai, ya kira salla, ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa, ya kulle ƙofa ya dawo ya ja matarsa Inna salla a tsakar gida. Akwai waɗanda suka ji haushinsa, suna cewa tsoron ciwo ya fi masa tsoron Allah. Bai taɓa tanka musu ba.

Ina tsaye a nan babban ɗansa ya iso, wanda muke kira Injiniya saboda gyaran janareta da yake yi. Da ya ji abin da uban yake nufi, sai hankalinsa ya tashi. Ya ce a bar maganar a cikin gida, a sayo magani a kemis, a yi jinya shiru. Yana da gaskiyarsa. A lokacin, gidan da aka ga motar asibiti ta tsaya a ƙofarsa, ko mai ruwa ba ya ƙara leƙa shi.

Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ciwo ba sata ba ne da zan ɓoye. Allah ne ya ɗora mini, ban ji kunyarsa ba. Abin kunyar shi ne in yi shiru, wani ya kwasa a wurina ya kai wa 'ya'yansa. Me zan ce ranar da aka tambaye ni?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Baba ya sa shi ya kira ma'aikatan lafiya, ni kuma ya lissafa mini mutanen da suka zauna a shagonsa cikin makon, ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya a waya in faɗa musu, kuma in roƙa masa gafararsu.

Da motar ta zo, layin ya yi tsit, sai labule da ke motsi a tagogi. Ma'aikatan suka fito da gadon ɗaukar marasa lafiya, ya ce su bar shi, ƙafafunsa suna aiki. Ya tako a hankali da 'yar jakarsa, ya ɗaga wa tagogin hannu kamar mai tafiya kasuwa. Inna tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Ya ce mata ta riƙa shan maganin hawan jininta, kada ta fake da rashinsa ta yi wasa.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kama maiɗakina. Aka gwada, aka ce annobar ce. Da yake nata bai yi tsanani ba, aka ce ta killace kanta a ɗaki. Na kai yara wurin ƙanwata, na dawo na zauna a falo, ina miƙa mata abinci a bakin ƙofa, ina jin tarinta ta bango. Ni da nake tuƙa babbar mota a kan kowace irin hanya ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ko salla na tayar, sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Ita kuwa abin da ya fi cin ta ba zazzaɓin ba ne. Ta kasa tsayuwa, in ta taɓa ruwa sai jikinta ya hau kyarma, har salloli suka fara kuɓuce mata. Ta ce mini ta bayan ƙofa, tana kuka, ita dai ta san hukunci ne Allah yake yi mata, ga shi ma ya hana ta tsayawa gabansa.

Da hantsi na kira Baba, ina jin nauyin damun mara lafiya. Ya ɗauka, muryarsa ta dushe, ana jin ƙarar wata na'ura kusa da shi. Ya fara da zolayata, wai ya ji labarin na rame, ko girkina ne ya gagare ni ci. Da na gaya masa halin da take ciki, sai ya ce in sa wayar yadda za ta ji, in ajiye a bakin ƙofarta.

"'Yata, kina ji na? Wa ya gaya miki wanda Allah ya kwantar ya kore shi ne? Ni ma ga ni kwance. A kwance na yi asuba, da ka nake nuni."

Ya nemi numfashi, sannan ya ci gaba, guntu-guntu. Ya ce in ruwa yana cutar da ita, ta bugi bango da tafukanta ta yi taimama. In ta kasa tsayuwa ta zauna, in ta kasa zama ta kwanta a gefenta, Wanda ya wajabta sallar ya fi ta sanin jikin da ya ba ta. Ya ce an karantar da mu cewa ko ƙaya ce ta soki mumini, ana kankare masa zunubi da ita, balle wannan. Ya tuna mata Annabi Ayuba, yadda ya faɗa wa Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, bai ɓoye zafin ba, bai kuma yanke ƙauna ba. Ya ce kuka ba rashin haƙuri ba ne, ta yi abinta, amma ta sha magani a kan lokaci, don neman magani shi ma bin umarni ne.

Ta tambaye shi, shi ba ya jin tsoro?

"Ina ji mana. Ni ɗan Adam ne. In ya taso mini, sai in ce ya Allah, ga bawanka ya tsorata. Shi ke nan, na kai ƙara inda ya dace."

Daga ranar kullum da hantsi sai ya kira. In numfashi ya ishe shi, ya yi mata nasiha ya haɗa da barkwanci. In bai ishe shi ba, ya ce ta yi salati yana saurare. Ni ma da nake zaune a ƙasa kusa da wayar, da ni ake yi, ko da yake bai taɓa cewa da ni yake ba. Sai na lura na daina ɓata lissafin raka'a.

Zazzaɓin maiɗakina ya fara sauka, kiran Baba kuma ya fara gajarta. Wata rana ma'aikaciyar jinya ce ta riƙe masa wayar. Kafin ta miƙa, ta ce mana tsohon nan ya zame musu liman a ɗakin. Na kusa da shi wani ɗan kasuwa ne da ya ƙi ci ya ƙi magana, Baba ya yi ta jan sa da hira har ya karɓi cokali. Su kansu ma'aikatan, in ya ga sun jigata, yakan ce su je su huta, aikin da suke yi ibada ne, kada su kashe kansu a kansa.

Da aka kara masa wayar, da kyar muke jin sa. Ya tambaya ko ta ci abinci. Ta ce ta ci, yau har ta yi azahar a zaune.

"Alhamdu lillahi. Direba, ka kula da ita. Ku leƙa mini Inna. Ku yafe mini."

Muka ce bai yi mana komai ba, shi ya yafe mana. Ya ce ya yafe. Washegari hantsi ya yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Bayan la'asar Injiniya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya koma tsakiyar layi ya tsaya. Ban tambaye shi ba, fuskarsa ta gaya mini. Ya ce ma'aikaciyar ta ce an ga leɓunansa suna motsi a ƙarƙashin abin numfashin, yatsansa a ɗage, har ya cika.

Mutane ƙalilan aka bari su je jana'iza. Muka yi sahu da tazara tsakaninmu, kowa da takunkumi a fuska. Mutumin da ya raka gawar kusan kowane gida a layinmu, ga shi masu raka shi ba su cika sahu biyu ba. Abin ya tsaya mini a rai, har muka dawo. Da muka shigo layin sai na ga mutane tsaitsaye, kowa a ƙofar gidansa, maza da mata, har da waɗanda suka yi masa gori a kan masallaci. Ba wanda ya matso, ba wanda ya miƙa hannu. Injiniya yana wucewa, kowace ƙofa ana cewa Allah ya jiƙan Baba, yana amsawa har muryarsa ta ƙare.

Da maiɗakina ta samu ƙarfin fitowa, muka je gaishe da Inna. Muka tsaya daga bakin ƙofa. Ashe da safen nan aka kawo kayansa daga asibiti, a cikin farar leda an ɗaure bakinta, aka ce a bar ta a rana tukuna kafin a buɗe. Tana ajiye a tsakiyar gida, ana hango takalmansa da tabarau da hularsa a ciki. Inna ta jawo kujera ta zauna a inuwa, ɗan nesa da ledar, hannuwanta a kan cinya. Ta amsa gaisuwarmu, ta tambayi jikin maiɗakina da yara, ta mayar da idonta wurin. Inuwar katanga ta matso har ta kusa taɓa ledar, sai ta tashi a hankali, ta sa sanda ta tura ta cikin rana, ta koma ta zauna.