Hannun Aro

"Miƙo hannunka, Dzarma," in ji Baba Saleh. "Yau kaɗai."

Na dubi na'urar awon hawan jinin da ke kan bencinmu, na dubi wayarsa. Jiya ja ta nuna, shekaranjiya ma ja. In ta sake yin ja yau, kwana uku ke nan a jere, kuma duk layinmu an san abin da 'yarsa Nasiha ta ce: ranar da ta ga ja uku, za ta zo ta ɗauke shi zuwa Abuja.

"Wannan ai ƙarya ce, Baba," na ce.

"Ƙarya da baki ake yi. Ni hannu na roƙa."

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu a unguwar Gomari. Ni tsohon malamin firamare ne daga wajen Biu, shi kuma makiyayi ne da tashin hankali ya koro daga ƙauyensu, ya shigo gari babu ko ɗan maraƙi, ya koma dillancin raguna. Ranar Juma'a ni ke duba masa dabbobi, ranar Lahadi shi ke tsare min ƙofa har mu dawo daga coci. Mutum ne mai taurin kai, kuma ina son sa ƙwarai.

Da babbar Sallah Nasiha ta kawo na'urar, ta sa masa manhaja a waya. Ƙarfe bakwai na safe wata murya kan ce da Hausa, "Baba Saleh, lokacin awo ya yi." In ya auna, sakamakon ya tafi wayarta nan take. Tsofaffin layinmu suka yi ta gunaguni. Ba'ana mai kanti ya ce shi ba zai faɗa wa ƙarfe sirrin jikinsa ba. Amma Baba Saleh, da bai iya karanta ko sunansa da boko ba, cikin kwana biyu ya gane kanta. Har gaishe ta yake yi.

"Shekara arba'in ina buɗe bakin saniya ina duba lafiyarta," ya ce da ni. "Sai yanzu na samu mai duba tawa kullum. Me zai sa in ƙi?"

Ba na'urar yake tsoro ba, tafiyar yake tsoro. A safiyar nan ya rage murya ya ce, "An tashe ni sau ɗaya, Dzarma, da takalmi ɗaya na fito. Matata Zainaba tana kwance a maƙabartar garin nan. In an kai ni can sama, cikin bene, wa na sani? Wa zai kai ni kusa da ita?"

Na naɗe hannun riga. Abin ya matse ni, ya saki, wayar ta yi kore. Ko shayinmu bai huce ba saƙon muryar Nasiha ya shigo: "Alhamdulillahi, Baba. Ka ga amfanin shan magani?" Ya saurara sau uku yana murmushi.

Yau kaɗai ɗin nan sai da ta kai wata uku. Ba zan wanke kaina ba. Na ga ƙafafunsa suna kumbura har ya daina sa takalmin da ya saba. Na ga yana matse rawani a goshi saboda ciwon kai. Maganin ma sai ya tuna yake sha, tunda kullum ana yaba masa. Na yi faɗa, na ce zan kira ta. Ya ce in bari a sayar da ragunan nan tukuna. Aka sayar, ya sayo wasu. Ni ma, in gaskiya zan faɗa, ba na son in wayi gari in ga bencin nan babu shi.

Ranar wata Alhamis muka auna, ta yi kore kamar kullum. Ya tashi ya ɗauki ƙunshin harawa zai kai wa raguna. Taku huɗu ya yi ya durƙusa, harawar ta watse. Na ɗago shi, bakinsa ya karkace, yana kallona yana son magana. Muka sa shi a Keke Napep ni da Ba'ana. Kafin la'asar ya cika, kuma kafin rana ta faɗi an kai shi, kusa da Zainaba kamar yadda ya so. Nasiha ba ta samu jirgi ba sai washegari.

Bayan sadakar uku, da safe, ta fito ta same ni a bencin. Na'urar na hannunta, wayar mahaifinta na cinyarta.

"Baba Dzarma, kai ne kullum kusa da shi," ta ce. "Ka taimake ni in gane. Wancan makon na sayi tikiti zan zo in gan shi. Aiki ya taso, na duba waya, na ga kore tun daga sama har ƙasa, sai na ɗaga tafiyar. Har ranar da ya rasu kore ne."

Tana magana tana jujjuya ɗamarar da ake sa wa a damtse. Ba ma kwance ta, zura hannu kawai nake yi, don haka tana nan a zagaye yadda muka bar ta. Ta zura nata hannun, abin ya zame har wuyan hannu. Ta tsaya. Baba Saleh siriri ne kamar sandar kiwonsa, ni kuwa Allah ya ba ni jiki. Ta dubi zagayen, ta dubi damtsena.

"Hannuna ne," na ce. "Tun watan da ya biyo bayan Sallah. Shi ya roƙa, amma ni na miƙa."

Na so ta zage ni, da ya fi min sauƙi. Ta daɗe tana kallon ragunan da ba a kai ga sayarwa ba.

"Ya ji tsoron in ɗauke shi ne?"

"E."

"Da zan ɗauke shi kuwa," ta ce a hankali. Ta goge ido da bakin mayafi. "Wata uku kullum in na idar da sallar asuba sai in jira bakwai ta yi, in gode wa Allah a kan wannan hannun. Ashe naka ne. Allah ya ƙara maka lafiya, Baba."

Ana haka wayar da ke cinyarta ta yi ƙara, muryar nan ta ce, "Baba Saleh, lokacin awo ya yi." Babu wanda ya taɓa ta a cikinmu har ta yi shiru da kanta.

Da za ta koma ta tafi da wayar, ta bar na'urar a kan benci. Na rataye ɗamarar a ƙusa bayan ƙofata. Tana nan har yau a zagaye, daidai faɗin hannuna.