Taku Goma Sha Biyu Ƙarƙashin San Roque

Shekara ashirin da biyu mijin ƙanwata, Crisanto Dimaculangan, ya yi yana jan igiya a jiragen ruwan wasu, har ranar da ƙashin bayansa ya ce ya gaji. Likitan kamfani ya rubuta cewa ɗan rauni ne. Lauya Ballesteros, wadda ofishinta ke saman wani shagon gyaran waya a Manila, ta ce nakasa ce gaba ɗaya. Karatun 'ya'yansa uku ya rataya a kan wanda za a gaskata a shari'ar diyyarsa, domin babu jirgin da zai sake ɗaukarsa.

Ni nake raka shi, saboda a danginmu an ɗauka mai digirin tarihi ya san doka.

"Mang Crisanto, har a yanke hukunci, ko bokitin ruwa kada ka ɗaga," in ji lauyar. "Kamfani yakan turo masu ɗaukar hoto a ɓoye."

Muna saukowa ya ja hannun rigata. "Bayaw, surukina, ya aka yi ta san suna turo mutane?"

"Aikinta ne ta sani."

"Ko kuma da ita ake turowa. Ba ka ga yadda ta gaisa da lauyan kamfani ba? Har hawan jininsa ta tambaya."

"Ajinsu ɗaya a makaranta."

"To, ka gani!"

Da muka koma garinmu a Batangas, kowa ya zama ɗan leƙen asiri a idon Crisanto. Ya daina sayen kifi wurin sabon mai talla saboda wayarsa ta fi ƙarfin mai kifi. Ni ma sai da ya tambaye ni inda na samu sabon takalmi.

Sai ga watan Agusta, da bikin San Roque, waliyyin garinmu. Tun Crisanto na yaro zazzaɓi ya kusa kai shi lahira, uwarsa ta yi bakance cewa duk shekarar da bikin ya same shi a tudu, zai sa kafaɗa a karagar da ake zagayawa da mutum-mutumin waliyyin. Muka kira lauya.

"A'a," ta ce. "Ka kunna kyandir."

Ya kashe wayar. "Ka ji ko? Saura wata ɗaya a zauna shari'a, tana so ta haɗa ni faɗa da waliyyi. Wa zai ci ribar wannan?"

Na yi masa bayani mai tsawo. Ya ce ai ni matattu na karanta, shi kuwa rayayyu ya sani.

Ranar biki da hantsi ya shiga cikin maza goma sha shida masu ɗaukar karaga. Ni kuma ya ɗora mini aikin sa ido kan wani baƙo mai koriyar hula. Taku goma sha biyu Crisanto ya yi, ƙafarsa ta hagu ta ɗauke, ya zube. Aka kwashe shi zuwa gida. Ya ƙi asibiti, wai likitoci duk bakinsu ɗaya da kamfani, aka kira tsohuwa mai tausa. Baƙon kuwa masara yake ci. Ashe ɗan'uwan limamin coci ne.

A wurin zaman shari'a, lauyan kamfani ya kunna bidiyo: ga Crisanto da katako a kafaɗa, yana murmushi. Kamfanin bai ko biya kuɗin mota ba. Daga shafin ƙanwata Luzviminda na Fesbuk aka ɗauko, da addu'a a ƙasa. A taku na sha ɗaya bidiyon ya tsaya.

Lauya Ballesteros ta tare ƙanwata a baranda. "Aling Luz, ina sauran? Faɗuwar nan ita ce shari'armu!"

"Na goge mana. In bar duniya ta ga uban 'ya'yana a ƙasa?"

Lauyar ta hau bas, ta zo garinmu da kanta. Waya ta fi ɗari a titi ranar, amma kowa ya goge wurin, don mu mutane ne masu sanin ya-kamata. Ta nemi shaida wurin shugaban masu ɗaukar karaga, Mang Teroy.

"Faɗuwa? Ƙarƙashin San Roque? 'Yata, tun zamanin kakana ba a taɓa yi ba. Igiyar takalminsa ya duƙa ɗaurawa."

"Tatang, silifa ce a ƙafarsa," in ji lauyar, tana ce masa baba da harshenmu.

"To silifar ya gyara."

Ni kaɗai na yarda in yi rantsuwa. Mai yanke hukunci ya tambaye ni ko na ga faɗuwar da idona. Na ce na ji ƙararta. Idona yana kan hular wani.

Aka bi rubutun likitan kamfani. Crisanto ya ce dama ya faɗa, an saye lauyar. Ranar Lahadi, yana dogara sanda zuwa coci, Mang Teroy ya tare shi, ya ce gari duka na alfahari da ƙarfin bayansa, kuma an riga an ajiye masa gurbi a sahun gaba baɗi.