Mabuɗin da Na Rataya a Wuya

Shekara goma sha huɗu ina wanke gyambo a ɗakin shan magani na Illo. Amma da aka samu mulkin kai, aka kawo dokar kulle allurar kashe zafi a kabad, sai aka miƙa mabuɗin ga Kikelomo, wata nas 'yar Ibadan da ko sunan unguwanninmu ba ta sani ba. Wai mutane sun fara maitar allurar, wasu har tsallakawa da ita Dahomey suke yi. Ba a yi wa kowa sai mai takardar likita, ko wanda aka kawo rai a hannun Allah.

Ba zan ɓoye ba, na yi ƙyashi. In ta gifta mabuɗin yana ƙara a ɗamararta, sai abinci ya fita raina. Ni da garina, ni da furfurata, sai wankin miki?

Ran da aka kira ta Birnin Kebbi na kwana uku ta ce, "Malam Arzika, ga mabuɗi. Allura biyu suka rage. Sa shi a aljihu, kada kowa ya sani."

Aljihu? Na zura shi a igiyar layata, na fito da shi saman riga, na ratsa kasuwa sau biyu ba abin da zan saya.

Washegari sai ga surukina Hamma, uban matata, bisa jakinsa. Tun da ya karye a hanyar fatauci aka yi masa allurar, ƙafa ta warke, shi bai warke ba. Kikelomo ta sallame shi ba allura ya fi sau goma, da fara'arta.

Na durƙusa, kaina a ƙasa.

"An ce mabuɗi ya dawo hannun na gida," in ji shi. "Madalla. Ƙahwag ga ta hana ni sakat."

Wa ya taɓa duban idon surukinsa ya ce a'a? Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa a gabansa? Na yi masa ɗaya. Da gari ya sake wayewa ya dawo, na yi masa ta biyu.

Da la'asar aka kawo Lauwali masunci a kan ƙyaure, dorina ta murƙushe masa cinya. Ihunsa har masallaci. Na ɗaure raunin, ƙarti huɗu na danne shi, yana kiran sunana.

"Arzika, allurag ga hwa! Mun gan ka da mabuɗi kasuwa!"

Na buɗe kabad, ina sane babu komai ciki.

Kikelomo ta dawo, ta leƙa kabad, ta dubi Lauwali. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Hannu kawai ta miƙo, na kwance igiyar layata.

"Likita ya ce ka fi ni iya aiki, Malam Arzika," ta ce. "Amma ni ba ni da suruki a Illo."

Har yau in mabuɗin ya yi ƙara a ɗamararta raina na sosuwa. Sai dai ba shi nake ƙyashi ba yanzu. Abin da ke ci na shi ne yadda take duban Hamma ido cikin ido ta ce babu, ta koma ta ci tuwonta.