Kujerar Gefen Direba

Baba Felix ya sake kwance kafiretan motar, ya jera ƙananan kusoshin a kan farantin silba na matarsa, yana ɗaukar kowanne yana hurawa da baki. Makon Kirsimeti ne. A tsakar gidansu da ke Samaru ƙamshin cincin da soyayyen naman akuya ya danne warin fetur. Buhun masarar da suka noma a Bomo kuwa yana jingine da bango, yana jiran a buɗe masa but ɗin mota.

Motar Fijo ce 404, fara, wadda ya saya a hannun wani malamin jami'a tun yana direban gwamnati. Giyarta a jikin sitiyari take, irin wadda in yaran yanzu suka shiga sai su yi ta lalube a ƙasa suna nema. Kowace shekara a cikinta yake kai matarsa Lucia gida wajen tsohuwarta, a wani ƙauye bayan Kwoi. Yara kan bi su da gudu tun daga bakin gari, tsohuwa kuma ta ɗora tukunyar gwaten acca kafin ya kashe inji. Babu wanda ya taɓa riƙe wannan sitiyari sai shi. Ko bakanike daga waje yake tsayawa ya saurara.

Bana tsohuwa tana kwance. Ƙanwar Lucia ta bugo waya ta ce abinci ma ba ta ci sosai, sai tambaya take yi ko farar mota ta iso.

Lucia ta fito daga kicin tana goge hannu da zani, ta tsaya ta dubi farantinta. Ya ce mata kafireta ne ke ba da matsala. Ta tuna masa cewa makon jiya lagireto ne, kafin nan fulogi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Keziya, in rana ta yi tsaka ba ta tashi ba, zan tafi tasha. Masarar a bar ta."

To, gaskiyar magana motar lafiyarta ƙalau. Ciwon yana fuskar mai ita. Tun damina yanar ido ta fara rufe masa gani, komai ya koma kamar ana kallonsa ta cikin leda. Wata rana da yake dawowa daga gona, sauran kaɗan ya kwashe wata mai goyo a bakin kasuwar Samaru. Ihun mutane ne ya sa ya taka birki, ita kam bai gan ta ba. Daga ranar ya shigar da mota gida ya buɗe bonat, bai sake rufewa ba. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari zai iya gaya maka aljihunsa babu komai, zai iya gaya maka jikinsa ya ƙi, amma ya buɗe baki ya ce ba ya ganin hanya, wannan sai dai ka jira.

Ya naɗe kafiretan a tsumma, ya tare ɗan acaba zuwa Sabon Gari.

Garejin Oladipo yana bayan PZ, cike da tsofaffin babura, Besfa da Honda Benli, waɗanda masu su suka mutu ko suka manta. Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa har da ta sayarwa, kuma shi da Felix sun san juna tun gashinsu na baƙi. Ya karɓi ƙarfen ya juya, ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ce wannan ai ko kunu aka zuba a ciki mutum zai sha ba tare da ƙyanƙyami ba. Felix ya ce a dai sake dubawa. Oladipo ya ajiye shi a kan benci ya ce ba ya duba komai da yunwa.

Suka tsallaka rumfar Omolara, wadda amalarta ta yi suna a layin. Ta zuba musu da miyar lalo da jar miya, ta ƙara wa Felix ganda mai laushi, tana tsokanarsa cewa haƙoran 'yan fansho sai da lallashi. Suna cikin ci Oladipo ya nuna tsallaken titi da haɓa.

"Oga Direba, waccan shuɗiyar da ke tsaye gaban shagon Uzodinma, wace ƙira ce? Ni na kasa ganewa."

Felix ya ɗaga kai ya tsuke idanu. A da daga nesa yake faɗin sunan mota da shekararta. "Datsun ce. Irin ta da."

Oladipo ya gutsuri amala, ya dangwala a miya, ya haɗiye. "Tankin ruwa ne, Felix."

Felix ya cire hannu daga kwano. Ya ce dama ya sani, Bayarabe ba ya saya wa mutum abinci sai da tarko a ƙasan kwanon. Oladipo ya ce haka ne, kuma Bazazzagi ba ya faɗin gaskiya sai ya ƙoshi, don haka ya ci gaba da ci. Can Felix ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko zai gaya wa madam.

Oladipo ya yi dariya har sai da ya sha ruwa. Ya ce ai madam ce ta gaya masa. Tun damina ta zo garejin da kanta, ta ce mijinta yana zuba shayi a gefen kofi, kuma a coci yana riƙe littafin waƙa daga farko har ƙarshe bai juya shafi ba. Tun daga lokacin, duk Asabar ɗin da 'yarsu Keziya ta ce za ta je kasuwar Sabon Gari, nan take zuwa. A cikin tsohuwar a-kori-kurarsa mai giya a sitiyari ya koya mata, har Kaduna sun je sun dawo, ta yi lasin ma.

"Ta fi ka iya sakin kuloci," in ji shi. "Kai ka tsufa kana fizgar mota."

"To me ya hana su faɗa min?"

"Madam ta ce ba za ta karɓi makulli a hannunka ba. In ka ga dama, ka miƙa."

Ya ƙara da cewa yanar ido ai cire ta ake yi, ba mutuwa ba ce, bayan sabuwar shekara shi da kansa zai raka shi asibiti. Felix ya wanke hannu ya ɗauki ƙarfensa.

Da ya iso gida rana ta kusa tsaka. Lucia ta riga ta ɗaura kallabi, tana zaune a kan kular abinci da jaka a cinya, Keziya na tsaye za ta raka ta tasha. Ya sunkuya cikin bonat ya mayar da kafiretan da yatsu kawai, don wannan aikin bai taɓa bukatar ido ba. Ya murɗa makulli. Inji ya ɗauka nan take, yana ƙara a hankali kamar bai taɓa kwanciya ba.

Aka loda masara da kuloli da galan ɗin kunun zaƙi. Lucia ta yi addu'ar tafiya kamar kullum, ta roƙi Ubangiji ya riƙe hanya da mai tuƙi. Felix ya shiga ya zauna a mazauninsa. Keziya ta dubi uwarta. Lucia ta kau da kai, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga kusa da shi, ta ɗora hannuwa a kan gwiwoyi. Ya ji yadda take numfashi. Ya gane cewa in ya saka giya yanzu, haka za ta bi shi har inda motar ta tsaya, ba za ta ce uffan ba.

Ya dubi gaba. Ƙofar gidan da ya gina da hannunsa ta zama wani farin fili mara gefe.

"Keziya," ya ce, "kafaɗar nan tana damuna. Zo ki riƙe min ita zuwa Kwangila."

Babu wanda ya tambaye shi wace kafaɗa. Lucia ta koma baya cikin kuloli, shi kuma ya zagaya ta gaban mota yana dafa bonat, ya zauna inda matar ta tashi. Keziya ta ja giya zuwa ta ɗaya ba tare da ta duba ba, mota ta fita sumul.

Ba su wuce kasuwar Samaru ba ya fara mutsu-mutsu. Wani ƙarfe daga cikin kujerar yana sukarsa a ƙugu, duk ramin da suka faɗa sai ya ji shi har ƙashi. Ya gyara zama, ya karkata, duk ɗaya.

"Maman Keziya, tun yaushe kujerar nan take haka?"

"Tun ina da cikin wadda ke tuƙa ka."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Ka ce in yi shiru kana sauraron inji."

Ta miƙo masa zani a ninke ya sa a ƙarƙashinsa, sannan ta miƙo tsokar nama a takarda. Ya karɓa bai waiwaya ba.

Da suka iso Kwangila, inda ake ɗaukar hanyar Kaduna, Keziya ta rage gudu ta matsa gefen titi tana kallonsa. Baba Felix ya ci gaba da taunar namansa, fuskarsa na gaba.

"Wa ya ce ki tsaya? Miƙe hanyar Kaduna, ki sa mata ta huɗu, kina wahalar da ita."