Aji Biyu, Malama Ɗaya

Madam Shafa'atu tana tsakiyar rubuta wa 'yan aji shida lissafi a allo, sai ta ga mutum tsaye a bakin ƙofa, bulalar jaki a hannunsa. Alkasum ne mai amalanke, uban Binta.

Wata uku ke nan tana riƙe da aji biyar da aji shida a ɗaki ɗaya, yara saba'in da takwas. Tun da Mushe Abarshi, malamin aji biyar, ya bar lakwal, wato makarantar ƙauyen, ya kama aiki a kamfanin siminti na Malbaza, ba a turo kowa ba. Darakta ya rubuta takardar neman malami zuwa Konni har sau uku. Da abin ya fi ƙarfinta, sai Shafa'atu ta ɗora Binta, wadda ta fi kowa ƙoƙari a aji shida, ta riƙa biya wa 'yan aji biyar karatu. Abin ya yi kyau kuwa. Yaran da a da ba su iya haɗa baƙi, yanzu suna karanta shafi guda.

Ta fita wajensa, suka gaisa a gindin itacen bedi.

"Madam, karatu na kawo ɗiyata ko aikin gwamnati?" in ji Alkasum. "Kullum ta komo gida murya a dushe."

"Malam Alkasum, mai koyarwa shi ma yana ƙaruwa. Faransancin Binta ya fi na bara nesa ba kusa ba."

"Lissafi fa? Ta nuna mini takardar gwaji. Ban iya boko ba, amma na san jan biro in na gan shi."

Shafa'atu ta tuna da takardar. Gaskiyarsa ne. Duk lokacin da take yi wa aji shida lissafi, Binta tana can ɗaya gefen da littafin karatu. Ga jarrabawar satifika saura sati bakwai, wanda ya faɗi kuma ba zai shiga kwaleji ba.

"An ce ɗiyarki Zulaihatu tana aji biyar," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Tawa ta koya wa taki, tawa ta faɗi. Haka ne tsarin?"

Maganar ta soke ta. Ba ta taɓa duban abin ta nan ba, amma ta san haka duk ƙauyen zai dube shi.

"Daga yau ba za ta ƙara ba," ta ce.

Da ta koma, ta ce wa Binta ta koma bencinta. Yarinyar ta miƙa littafin kamar wadda aka kora. Shafa'atu ta ba 'yan aji biyar shafi biyu su kwafa, ta ce kada ta ji motsin kowa, ta juya ga lissafi.

Ba a jima ba Zulaihatu ta ɗaga hannu. Wata kalma ce ta shige mata duhu. Uwar ta gani, ta ci gaba da rubutu. Hannun ya daɗe a sama. Sai Binta ta leƙa ta tsallaken benci, ta fara raɗa mata.

Shafa'atu ta tsaya, alli a hannu.

"Binta," ta ce. "Dubi allo."

Binta ta gyara zama. Zulaihatu ta dubi uwarta, sannan a hankali ta sauke hannunta.