Zomayen Nagoggo

Ina riƙe da ƙwaryar kunu a ƙofar Nagoggo, Dela, wata 'yar unguwarmu, ta jawo mini zane ta baya.

"Ke Bilki, gidan ciwon za ki shiga ki kwaso ma ɗiyanmu?"

Na fizge zanena na shige. Ni da Nagoggo danga ce ta raba mu. Tsohuwa ce, ba ɗa ba jika, sai zomayen da take kiwo a bayan rumbunta, ba ta ci, ba ta sayarwa. Da damina ƙazwa ta kama su, kunnuwansu suka yi ɓawo, suka riƙa mutuwa. Sai ita ma tari ya kwantar da ita. Shi ke nan, unguwa ta yanke hukunci, wai su suka shafa mata.

Maza kuwa suka samu abin hira a gindin itacen bedi. Wannan ya ce zamanin Nasara ba a san zomo da ciwo ba, sai da aka samu mulkin kai. Wancan ya ce fararen zomayen da aka kawo daga Maraɗi ne suka zo da shi. Baki dai kowa da nasa, amma ko ruwa ba wanda ya miƙa mata ta kan danga. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da na ba ta labarin gardamarsu, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ciwon shina nan tun dauri. A daji suke mutuwa, wa ya gani? Yanzu dai a gabanmu ne."

Ta kama hannuna ta ce waɗanda suka tsira amana ne gare ni, kada wuƙa ta taɓa su. Na ce na ɗauka.

Ranar kasuwa da hantsi ta cika. Ni da Hadizatu ungozoma muka yi mata wanka, sauran mata na leƙe daga waje da mayafi a hanci.

Ran sadakar uku sai ga Arzika, ɗan ƙanenta, daga Sabon Maci, mutumin da bai tako ba duk tsawon jinyarta. Na dawo daga rijiya na tarar da fatun zomayen shanye a kan danga, gida cike maƙil, Dela ce ma kan tukunya.

"Dela, ba naman ciwon ba ne wannan?"

"Haba Bilki, ai wuta na kashe shi."

Na ajiye tulun don kada in fasa shi a kanta. Na faɗa musu maganganun da sai da mijina ya janye ni, su kuwa ko tauna ba su fasa ba.

Da aka watse na zura hannu a ramin zomayen, na taɓo wata 'yar toka-toka da ta maƙale can ciki. Na kai ta gidana, na zuba mata harawa.

Da safe babu ita. Ta haƙa ƙarƙashin danga ta koma. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin, daidai inda tabarmar Nagoggo take, tana motsa hanci.