Hoton Batulu a Shafi na Bakwai

Batulu ta ajiye kwanon daddawarta a bakin ƙofa, ta yi sallama sau biyu kafin ƙarar tafireta ta tsaya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kasuwar birni, cike da ɗaurin takardu har kan taga. A nan ake buga mujallar Al'ajaban Zazzau duk bayan wata biyu, da ƙananan littattafanta na rijiyoyi masu magana da kukokin da ba a sarewa.

"Kai ne mai wannan?" ta ce, tana kwance mujallar daga gefen zanenta.

Malam Nasidi, editan, ya ɗago gilashinsa. Bai buɗe ba ya gane ta. A shafi na bakwai hotonta yake, tana zaune a wani kango kusa da Ƙofar Kuyambana, da akushi a gabanta. A sama an rubuta: Tsohuwar da ke ciyar da aljannun ganuwa.

"Bismillah, Iya, ga kujera."

Ba ta zauna ba. "Nana maƙwabciyata ce ta karanta mini. Tana gamawa ta janye 'ya'yanta ta rufe ƙofa. Kwana tara ke nan, Malam, ba wanda ya taɓa daddawata. Shekara talatin ina yi. Yanzu in na yi sallama a gida, sai a ce daga ciki, an gode, akwai saura."

"Wallahi ba mu sa sunanki ba."

"Fuskata fa? Ta wani ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce mutum uku suka ba shi labarin, kuma shi da kansa ya gan ta da azahar, tana magana ita kaɗai, ta tashi ta bar tuwo a kan dutse.

"Ka gan ni, ba ka tambaye ni ba."

"Na yi kuskure. To yanzu ina tambaya." Ya jawo takarda da biro. "Ki faɗa mini, mu buga gyara a fitowa ta gaba."

Sai a lokacin ta zauna.

Ta ce tun da maigidanta ya rasu, shekara shida, 'yarsu ɗaya Ummukulsum kuma tana aure a Gusau, abinci ba ya wuce mata a ɗaki. In ta sa loma, ƙarar taunarta take ji. Wata rana ta ɗauki akushin ta fita, ta zauna a kangon nan inda ake jin masu keke da masu jakuna suna shiga gari suna gaisawa. A nan ta ci har ta ƙoshi. Shi ke nan ya zame mata jiki.

"Maganar fa, Iya?"

"Da wa zan yi? Abin da na gani a kasuwa nake faɗa, kamar yadda na saba faɗa wa maigidana. Ragowar tuwon kuwa tantabaru ke ci."

Ya rubuta, ya karanta mata a hankali. Babu abin da ya ƙara. Ta ji labarinta a bakin wani, gajere, bai kai rabin shafi ba.

"Takardar nan tana zuwa Gusau?" ta ce.

"Tana zuwa. Muna aika guda hamsin a motar haya."

"Ummukulsum ta yi boko. Mijinta ma yana karatu, da danginsa." Ta gyara lulluɓinta. "Su karanta cewa uwarta tana ci a kango don ba ta da wanda za ta ci da shi? Yarinyar nan tana da 'ya'ya biyar. Ba ta yi mini laifin komai ba."

"Amma Iya, in ba a gyara ba, cinikinki..."

"Yaga ta, Malam."

Ya dube ta, ya dubi takardar da ya rubuta. Ya ninke ta biyu, ya yaga.

Ta miƙe, ta maida mujallar gefen zanenta ta ɗaure. A bakin ƙofa ta ɗora kwanon a ka, ta juyo.

"In an tambaye ka, ka ce aljannun suna nan lafiya."

Ladanin masallacin kasuwa ya fara kiran azahar. Ta bi ta lungu, ta nufi gida ta ɗauko akushinta.